Ka Tanadi Mudu Goma?

Duk wanda ya taɓa zama da Kaka Ilu, ko da na tsawon shan fura ne, ya san tambayar nan tasa. Kana cikin zance, bakinka ya suɓuce ka ce “wallahi”, sai ka ga tsoho ya ɗaga yatsa ɗaya, ya karkata hular nan tasa da ta girmi babana, ya ce, “Tsaya! Ka tanadi mudu goma?”

Ku da kuka san shi na san kun fara murmushi. Wanda bai san shi ba kuwa, Kaka Ilu mahaifin babana ne, manomi a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa. Ni ce Rabi, jikarsa, wadda yake kira Amarya in yana cikin nishaɗi, Rediyo in na dame shi. Mudu goman kuma na kaffara ne. Wanda ya rantse da Allah zai yi abu, ya zo bai yi ba, sai ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumi uku. Kowa ya san wannan a karatu. Kaka shi a rumbu ya san shi.

Don kuwa Kaka mutum ne da in ƙwayar gero ta faɗi ƙasa, shi da kaza suke tsere, kuma ban taɓa ganin kaza ta yi nasara ba. Yana da wani tsohon rumbu a bayan gida da ya liƙe bakinsa da laka, duk shekarar da aka samu albarka sai ya cusa masa dammuna ya sake liƙewa. Mu yara mukan ce ko ɓera sai ya nemi izini kafin ya wuce ta gindinsa. To mutumin da ke tattalin ƙwaya ɗaya haka, ta yaya zai yarda bakinsa ya jawo masa asarar mudu goma? Shi ya sa tun da nake ban taɓa jin ya rantse ba, kuma babana ya ce shi ma bai taɓa ji ba.

Yana da bayaninsa. Ya ce maganar nauyi tsani ce irin ta hawa rumbu, kuma mutane ba su san matakin da suke takawa ba. Wata rana yana gyaran ƙotar fartanya ya zaunar da ni ya karanta mini.

“Na ƙasa roƙo ne. ‘Don Allah ara mini lauje.’ Wannan kyauta ne, ko a ba ki ko a hana ki, ba wanda ya yi asara. Na biyu magiya. ‘Na haɗa ka da Allah da Annabi.’ Nan kin ɗauki kaya kin ɗora a kan mutum, in ya ƙi, shi da Ubangijinsa. Na uku umarni. ‘Na hore ka, na umarce ka.’ Wannan sai uba, ko malami, ko mai gari. In irinki ta taka shi, dariya za a yi mata. Na can sama kuwa…” Sai ya yi ƙasa da murya kamar mai ambaton maciji. “Na sama rantsuwa ce. Shi kaɗai ne matakin da in mutum ya faɗo, rumbunsa ne yake karyewa, ba ƙafarsa ba.”

Na ce, “Kaka, kai ka taɓa hawa na saman?”

Ya ce, “Ni? Allah ya kiyaye! Jiri nake ji.”

Kuna tuna ranar da ya hana mu hawa mota daga kasuwar Tsanyawa? Mun gama sayayya, wato gishiri da kanwa da cinikin da ya kusa sa mai gishiri kuka, muka zo tasha. Wani kwandasta ya tare mu yana dukan gefen bas. “Baba shigo, shigo! Wallahi saura mutum ɗaya mu tashi!”

Kaka ya leƙa ciki. Ba kowa sai direba yana barci da wata akuya a ɗaure a kujerar baya. Ya fito da kansa a hankali, ya ɗaga yatsa.

“Yaro, ka tanadi mudu goma?”

“Na me, Baba?”

“Af, bar shi ma. Taka ba irin wadda mudu goma ke wankewa ba ce. Wanda ya rantse kan ƙarya yana sane, sai tuba. Zo nan in gaya maka.”

Ya riƙe hannun rigar yaron ya shiga wa’azi. Yaro yana “to Baba, na ji Baba”, yana miƙa wuya yana kiran fasinja ta saman hular Kaka. Mota ta cika, akuya ta samu abokan hira, kwandasta ya fizge rigarsa ya ɗafe ƙofa, suka bar mu da hayaƙi. Da ƙafa muka dawo gida, gishiri a kaina, rana tana dafa mini ƙwaƙwalwa. Ina ƙunƙuni, shi kuwa yana tafe yana murna. “Kin gani, Rediyo? Yaro ya samu wa’azi kyauta, mu kuma kuɗin motarmu na aljihu. Kowa ya ci riba.”

Ni ma ban tsira ba. Ina ’yar shekara goma sha ɗaya, Inna, wato mahaifiyata, ta yi tuwon dawa da miyar kuka karo na dubu a jere. Na tura kwano gefe na ce, “Wallahi ba zan ƙara cin miyar kuka ba har in mutu!” Kaka yana alwala a bakin ƙofarsa. Ya ci gaba da alwalarsa, abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. Da la’asar yunwa ta murɗa mini hanji, na lallaɓa madafi na buɗe kwanon. Na kai loma ta uku baki sai na ji tari a bayana.

“Amarya, Allah ya jiƙanki. Yaushe kika rasu ba a gaya mini ba?”

Ya kafa mini shari’a a tsakar gida. Ina da hatsi? Babu. Ina da tufafin mutum goma? Ni da zanena biyu. To azumi uku. Inna ta ce, “Haba Baba, yarinyar da ko balaga ba ta yi ba? Ai ba komai a kanta.” Ya ce, “Na sani. Gwaji ne, daga asuba zuwa azahar. Gara ta ji zafin abin tun yana da araha.” Kuma kullum da hantsi sai ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a gabana, ya baje soyayyiyar gyaɗa, yana ɓarewa ɗaya-ɗaya yana taunawa da sauran haƙoransa huɗu, yana lumshe ido. “Kai, gyaɗar bana! Amarya, bismillah. Au, na manta.” Na yi alkawari a raina sai na rama. Alkawari na ce, ban rantse ba, na riga na yi hankali.

Sai maganar Baba Tanko. Shi ne maƙwabcinmu, a gida danga ɗaya ta raba mu, a gona layin gamba ɗaya. Sa’an Kaka ne, tare aka yi musu kaciya, kuma tun daga ranar suke gardama. Shi Baba Tanko bakinsa ba ya rabo da rantsuwa, ko gaisuwa ce sai ya ce wallahi lafiya lau. Wata shekara gobarar daji ta cinye gambar da ke tsakanin gonakinsu, iyaka ta ɓace, suka shiga jayayya kan kunyoyi biyu. A wurinmu, inda gona take manne da gona, kunyoyi biyu ba abin wasa ba ne. Magana ta kai gaban mai unguwa. Ba shaida, sai aka ce Kaka ya rantse, tunda shi ke noma wurin.

Kaka ya ce, “Nawa ne. Ubana ya nuna mini.”

Mai unguwa ya ce, “To rantse mana, Malam Ilu, a gama.”

“Na faɗa ai.”

“Faɗa daban, rantsuwa daban.”

“Ranka ya daɗe, a kan kunyoyi biyu zan ɗago sunan Allah? A ba shi.”

Baba Tanko, wanda shi ma ya yi imani ubansa ya nuna masa, ya rantse tun ba a rufe baki ba, aka ba shi. Da abin ya tsaya nan da an huta. Amma Kaka, in ya hana bakinsa rantsuwa, bai hana shi tsokana ba. Da kaka ta yi, ya ɗora wa jaki damin gero guda ya aika gidan Baba Tanko, ana tsakiyar zaman majalisa a ƙofar gida, da saƙon cewa, “Ga wannan a ƙara, na ga gonar taka ba ta ƙoshi.” Jama’a suka tuntsire da dariya. Baba Tanko ya miƙe, ya nuna gidanmu da sanda.

“Wallahi, ko yunwa za ta kashe ni, ba zan ƙara karɓar hatsin Ilu ba, ba zan sa shi a bakina ba!”

Aka ce da labari ya iso, Kaka ya ɗaga yatsa don ya yi tambayarsa, sai ya fasa ya sauke. A lokacin kowa dariya ya yi. Wa ya san yunwar tana tafe?

Ta kuwa zo. Kun san shekarun, ba sai na tuna muku ba. Damina ta zo a makare ta tafi da wuri, shekara biyu a jere. Taki ya fi ƙarfin talaka. Zangarniyar gero ta fito kamar wutsiyar ɓera. Babana ya tafi Watari yana ƙwadago a gonakin rani, abin da yake aikowa bai kai ya rufe gindin tukunya ba. Ranar da Kaka ya sa tsani ya fasa lakar tsohon rumbun nan, mu da muke yi masa dariya muka tsaya a ƙasa shiru, baki buɗe kamar ’yan tsaki. Ya leƙo daga sama ya ce, “Ina masu cewa ɓera na neman izini? Ku zo ku nemi naku.” Da wannan geron muka rayu. Duk wanda ke gidanmu yau yana numfashi, akwai ƙwayar da Kaka ya ƙwace daga bakin kaza a jikinsa.

Gidan Baba Tanko kuwa ba su da tsohon rumbu. Ɗansa ya tafi kudu neman aiki, ba aike ba labari, ya bar masa mata da yara. Amma kullum da yamma sai mu ji daka ta bayan danga, tim, tim, tim, har na ce wa Inna ashe su ma suna da ajiya.

Jummai, jikar Baba Tanko, ƙawata ce tun muna wasan ƙasa. Wata safiya muna rijiya ta jawo guga ya kai rabi, sai ta sake igiya ta zauna daɓas ta riƙe kai. Na kwance bakin zanena na miƙa mata ƙuli-ƙuli. Ta kalle shi kamar za ta haɗiye da ido, ta girgiza kai. “An hana mu karɓar komai daga gidanku.” Na ce to dakan da nake ji fa? Ta sunkuyar da kai. Ƙaiƙayi ne kakarta take zubawa a turmi tana dakawa, don kada unguwa ta gane. Ganyen tafasa da rama suke dafawa da kanwa, ranar da aka samu.

Na bar tulun a bakin rijiya na ruga gida. Kaka yana zaune gindin darbejiya yana tufka igiya.

Na ce, “Kaka, don Allah ka kai wa su Jummai hatsi.”

Bai ɗago ba. “Roƙo ne. Ina iya ƙi.”

Na ce, “To na haɗa ka da Allah da Annabi.”

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. “Ke! Kin san abin da kika ɗora mini?”

“Na sani. Kai ka koya mini.”

Ya daɗe yana kallon dangar. Sannan ya ce, “Kina tsammani ban ji ba? Turmin da ke da hatsi a ciki ba ya kuka haka. Mako nawa ina jin wannan dakan, yana dukana a ƙirji. Ba hannuna ne ya ƙi ba, Amarya. Rantsuwar wancan tsohon ce ta tare ƙofa, kuma bakina ne ya jawo ta.” Ya miƙe yana kakkaɓe riga. “Je ki ce wa uwarki ta sussuka dami biyu. Ki biya ki kira mini Liman.”

Da hantsi muka shiga zauren Baba Tanko, ni da buhu a ka, Kaka da kwanon awo a hammata, Malam Liman a baya yana jan carbi. Baba Tanko yana zaune a kan buzu. Rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro, amma hular tana nan a karkace don kada a raina shi. Ya kalli buhun ya kau da kai.

Kaka ya taka matakin farko. “Tanko, don Allah karɓi wannan.”

“Na ƙi.”

“Na haɗa ka da Allah da Annabi ka karɓa.”

Baba Tanko ya ce, “Kada ka ɗora mini, Ilu. Rantsuwata ta riga magiyarka zuwa.”

Kaka ya juya. “Malam, naka ne na uku.”

Liman ya gyara murya, ya yi bayani mai daɗi cewa wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi alheri, to ya yi alherin ya yi kaffara. Ya rufe da cewa, “Ni limaminka ne, Malam Tanko. Na umarce ka ka karɓa.”

Baba Tanko ya ce, “Allah gafarta Malam, in ka yi ruku’u zan yi, in ka yi sujada zan yi. Amma buhun nan ba ya cikin sallah.”

Daga cikin gida muka ji kukan ƙanin Jummai, wani siririn kuka kamar na mage. Kaka ya cire hularsa ya mayar. Ya share gumi. Ya kalli sama kamar mai auna tsawon tsani. Sai ya buɗe baki.

“Wallahi, tallahi, billahi, Tanko, sai ka karɓi hatsin nan kafin a kira azahar!”

Jama’a! Carbin Liman ya faɗi. Zakaran da ke ƙofar zaure ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ni kuwa na leƙa waje in ga ko yau daga yamma rana ta fito. Baba Tanko ya zaro ido ya ce, “Ilu, kai ne?” Amma taurin kai ba ya barin mai shi da wuri. Ya harɗe hannu ya juya mana baya. Muka zauna. Ba mai magana sai cikina, da ba ya jin kunyar kowa. Har ladan ya kira azahar.

Kaka ya tafa hannu ya ce, “Shi ke nan, na faɗo! Malam, kaffara ta hau kaina. Miskinai goma ko?”

“Goma.”

“To, Tanko ya rantse, ba ya ciki. Amma matarsa ba ta rantse ba. Surukarsa ba ta rantse ba. Jikokinsa ba su rantse ba. Tanko, wannan ba kyauta ba ce, nauyi ne a wuyana tsakanina da Allah. Za ka tare mini hanyar sauke shi?”

Baba Tanko ya warware hannuwansa. Wa zai hana mutum biyan kaffara?

Nan fa aka ga abin da ba a taɓa gani ba, Kaka Ilu yana ciniki yana ƙara wa kansa farashi. Liman ya ce da mudun Annabi ake aunawa, ɗan ƙarami ne, cikin tafi biyu. Kaka ya ce, “Tafin wa? Nawa sun motse. Kada in je can a ce mini da saura.” Ya zaro kwanon kasuwa, yana cikawa har yana tozo. Liman ya ce wallahi da tallahi da billahi in don ƙarfafawa aka jera su, kaffara ɗaya ce. Kaka ya ce, “Ni uku na nufa. Malam, kai ka shiga zuciyata?” Aka ƙirga mutanen gida, har da wata gwaggo da ke zaune da su, suka kama tara. Kaka ya ce a sa jaririn, ƙanin Jummai. Liman ya ce jariri sai in ya fara cin abinci.

Kaka ya ce, “Jiya na hango shi ta danga yana cin ƙasa.”

Liman ya yi dariya har da hawaye. Amma da muka fito ya tsayar da Kaka ya ce, “Malam Ilu, a dai kula, sunan Allah ba abin dabara ba ne.” Kaka ya ce, “Allah gafarta Malam, da gaske nake so ya karɓa, Allah ya sani. Tun ina saurayi nake tattalin kalmar nan kamar iri. In ban shuka ta yau ba, yaushe zan shuka?”

Da yammar nan dakan da muka ji ta bayan danga ya canja murya. Kaka ya karkata kunne, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da tufkarsa.

Sai dai da saura. Jummai ta gaya mini kowa yana cin tuwo a gidan ban da Baba Tanko. Shi yana nan kan tafasarsa, har ya fara sallah a zaune. Da Juma’a ta zagayo, bayan an sauko daga masallaci, Kaka ya sa Inna ta dama fura da geron rumbu, ya ɗora mini ƙwaryar, muka koma zauren. Ya ajiye ta a gaban Baba Tanko, ya tsoma ludayi, ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya ja numfashi.

“Wal…”

“Tsaya!” Baba Tanko ya ɗaga yatsa ɗaya. “Ka tanadi mudu goma?”

“Na tanada. Na Juma’a mai zuwa ma na tanada. Zan yi ta yi har rumbun ya ƙare, sannan mu mutu gaba ɗaya, ka je ka yi bayanin jikokina da bakinka.”

“Kai dai tsohon banza ne, Ilu.”

“Na ji. Sha.”

“Tun muna yara kai mugu ne.”

“Na ji. Tana tsinkewa.”

Baba Tanko ya kalli ƙwaryar, ya kalli Kaka. Ya ce bismillah a hankali, ya ɗaga ludayi. Na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, hawaye na gangarowa cikin gemu. Kaka ya juya yana duba rufin zauren kamar an ɗauke shi aikin gyaran azara. Da ƙwarya ta yi rabi Baba Tanko ya goge baki ya ce, “Ba sukari.” Kaka ya ce, “Sukari ba ya cikin kaffara.”

Yanzu kaffara ta koma kan Baba Tanko. Ba hatsi, ba tufafi, sai azumi uku. Ya ce, “Azumi? Ai na daɗe ina yi, lada ne kawai ba a rubuta mini.” Liman ya ce ya bari ya yi ƙarfi tukuna. Da ya murmure ya ɗauka, Kaka ya ce shi ma zai taya shi, tunda damin tsokanarsa ne ya haifi rantsuwar. Suka zauna gindin darbejiya su biyu, leɓe a bushe, suna gardamar wanda ya fi jin yunwa. Ni kuwa na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a gabansu, na baje soyayyiyar gyaɗa, ina ɓarewa ɗaya-ɗaya ina lumshe ido.

Na ce, “Kai, gyaɗar bana! Kaka, bismillah. Au, na manta.”

Ya jefe ni da takalmi. Bai same ni ba, ya samu Baba Tanko.

Da ruwa ya dawo muka je shuka, sai muka tarar an tumɓuke gambar iyaka an mayar da ita baya cikin gonar Baba Tanko da kunyoyi biyu. Kaka ya tumɓuke ya mayar inda take. Washegari ta sake tafiya. Gambar nan ta yi yawo har ta kusa sanin hanya da kanta. Ƙarshe Liman ya raba gardama, ya ce a shuka gyaɗa a wurin, ta jikokin gida biyu ce. Ni da Jummai muke cire ta har yanzu.

Kaka ya rasu bayan an gama girbin bara, rumbunsa a cike, bakin rumbun a liƙe da sabuwar laka. Ranar sadakar uku ina raba ruwa a ƙofar gida, mutane suna ta faɗin alherinsa. Baba Tanko ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce, “Jama’a, wallahi Ilu…” Sai ya tsaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana jira. Mu ma duk muka yi shiru muna jira, kamar za a ga yatsa ya ɗago daga wani wuri. Ba wanda ya tambaye shi komai. Ya koma ya zauna, ya ja hula ya rufe fuskarsa.

Na taɓa tambayar Kaka, in mutum zai yi magana da Allah, wane mataki zai taka? Ya ce, “A nan babu tsani, Amarya. Sarki da malami da ke da ni, kowa a ƙasa yake tsaye, sai roƙo.”

To ga ni a ƙasa. Ya Allah, ina roƙonka ka jiƙan Kaka Ilu. Ka gafarta masa tsokanarsa, ka karɓi rantsuwarsa guda da kaffararsa uku. Yadda ya auna wa bayinka da babban kwano har yana tozo, ka auna masa rahama da wanda ya fi shi girma. Amin.